An ce jaririyarmu SC ce, alhali takardata ta ce ba ni da sikila: daga ina C ɗin ya fito?

Baban Khadija, Aboabo

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ba tare da na tofa albarkacin bakina ba, amma yau na zo da wata damuwa da ta hana ni barci mako uku ke nan, ina kuma roƙon duk wanda Allah ya ba sani a kanta ya taimaka mini.

Shekara biyu da suka wuce, kafin a ɗaura mana aure, limamin masallacinmu ya ce sai kowannenmu ya kawo takardar gwajin jini. Matata ta san cewa ita AS ce tun tana makarantar sakandare, ba ta kuma ɓoye wa kowa ba. Ni kuwa na je wani ƙaramin ɗakin gwaji a unguwa, aka ɗebi jini a yatsana, kafin azahar aka miƙo mini takarda cewa gwajin sikilin ya nuna nagetif. Da ni, da liman, da iyayenmu, duk muka fassara wannan kalma da cewa ni AA ne, aka ɗaura aure hankali kwance.

Watanni biyu da suka wuce Allah ya ba mu 'ya mace. An ɗebi ɗigon jini a dunduniyarta kamar yadda ake yi wa jarirai, bayan 'yan makonni aka kira mu aka ce ita SC ce, wato tana da wani nau'i na amosanin jini. Ma'aikaciyar jinyar ta yi mana bayani cikin natsuwa, amma hankalina ba ya jikina a lokacin, abin da kawai na riƙe shi ne cewa wai harafi ɗaya ne ya sauya a cikin ƙwayar gado.

S ɗin na san daga ina ya fito. C ɗin ne ban sani ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata gwaggona ta fara cewa tun da takardata ta wanke ni, sai a tambayi uwar yarinya. Ni ba na zargin matata ko da ƙwayar zarra, amma ba ni da hujjar da zan rufe bakin mutane da ita, ita kuma tana jego tana kuka. Don haka nake tambaya: mene ne wannan C, kuma zai yiwu ina ɗauke da shi gwaji bai gani ba? Sannan wane irin harafi ne wannan da guda ɗaya tak zai sauya rayuwar yarinya baki ɗaya?

Anti Rabi, ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Asawase

Wa alaikumus salam Baban Khadija. Allah ya raya ta, ya ba mai jego lafiya. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: takardar da ke hannunka ba ta ce kai AA ne ba, kuma ba ta da ikon faɗin haka. Gwajin sikilin tambaya ɗaya yake yi wa jini, wato ko akwai S a cikinsa. Muna haɗa ɗigon jini da wani sinadari mai janye iskar oksijin, sannan mu duba ta madubin da ke girmama ƙananan abubuwa ko jajayen ƙwayoyin jinin sun lanƙwashe kamar lauje. Himogulobin, wato abin da ke dakon oksijin a cikin jini, idan nau'in S ne yana lanƙwasa su, nau'in C kuwa ba ya yi. Saboda haka mai AA, da mai AC, da ma mai CC, dukansu nagetif za a rubuta musu. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne kai AC ne, yarinyar ta ɗauki S daga uwarta, C daga wurinka. Ka je babban asibiti ka nemi cikakken gwajin jinotaif, wanda ake kira ilektiroforesis, ba gwajin sikilin ba, kuma ba gwajin rukunin jini na A, B da O ba, domin mutane da yawa suna rikita waɗannan ukun.

Maganar harafi kuwa, ga yadda take. Saƙon gado da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, wato DNA, rubutu ne mai tsawo da aka yi da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T, kowanne yana wakiltar wani sinadari (ba su ne A da C na takardar jinotaif ba). Yawan haruffan ya kai kimanin biliyan 3, an raba su cikin littattafai 23 da ake kira kuromosom, kuma kowane mutum yana da kwafi biyu na kowane littafi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A wuraren da rubutun ke ba da umarnin ƙera furotin, jiki yana karanta shi ne harafi uku-uku, kowace kalma mai harafi uku tana nufin tubali ɗaya daga cikin tubalan da ake kira amino asid. Ka ɗauki kalmar uba, ka cire b ka sa w, ta koma uwa. Harafi ɗaya ne, amma ma'anar ta tashi daga wannan mutum ta koma kan wancan. A wani wurin kuma sauyin ba ya taɓa ma'ana, kamar yadda Bakano zai ce tafi, Basakkwace ya ce tahi, kowa kuma ya gane abin da ake nufi. Irin wannan bambanci na harafi ɗaya tsakanin mutum da mutum, idan ya yaɗu a cikin jama'a, shi masana ke taƙaita sunansa da SNP.

A kan kuromosom na 11 akwai ƙwayar gado mai suna HBB, wadda ke ɗauke da umarnin ƙera ɗaya daga cikin sarƙoƙin himogulobin, furotin ɗin da ke dakon oksijin a cikin jini. Sarƙar tana da tubali 146. Kalmar da ke tsara tubali na shida a wurin yawancin mutane ita ce GAG, wadda ke nufin gulutamik asid. A wurin mai S, harafin tsakiya ya koma T, kalmar ta zama GTG, sai a sa tubalin balin a gurbin. Shi balin ba ya shiri da ruwa, don haka idan oksijin ya yi ƙaranci sai himogulobin ya riƙa mannewa da ɗan'uwansa, su yi dogayen sanduna masu tauri da ke lanƙwasa ƙwayar jinin har ta toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan ciwon ƙashi yake tasowa. A wurin mai C kuwa, kalmar nan ce dai ta shida, amma harafin farko ne ya sauya, GAG ta zama AAG, aka sa tubalin laisin. Wannan ba ya yin lauje, sai dai yana sa ƙwayar jinin ta rasa ruwa ta yi kauri. Wannan ne dalilin da ya sa haɗuwar S da C take zama cuta alhali AS da AC ba cuta ba ne: C yana busar da ƙwayar, S ɗin da ke ciki ya cunkushe, sai ya sami damar mannewa.

Abin da nake jin daɗinsa a aikinmu shi ne wannan sauyin harafi ɗaya ana ganinsa da ido. Tubalan nan uku sun bambanta wajen yadda suke amsa wutar lantarki, shi ya sa idan muka ɗora jini a kan takardar gwaji muka saki wuta, A yakan yi gaba, S ya biyo baya, C ya zama na ƙarshe, kowanne ya bar layinsa. Idan kai AC ne za ka ga layi biyu da sunanka a sama.

Malam Tsoho, tsohon malamin makaranta, Sabon Zongo

Ɗana Baban Khadija, ka yi haƙuri, kuma ka ƙara riƙe matarka da kyau a kwanakin nan. Malama Rabi ta gama magana a kan gwaji, ni abin da zan ƙara na gwaggonka ne. Ka tuna mata hadisin mutumin da ya zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗansa saboda launin fatarsa. Aka tambaye shi ko yana da raƙuma, ya ce yana da su, jajaye. Aka ce ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Aka ce daga ina ya samo wannan launi, ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta jawo shi, sai aka ce masa wataƙila ɗansa ma haka ne. Zargin mace mai kamun kai a kan takardar da ba a fahimta ba, ba ƙaramin abu ba ne a wurin Allah.

Kuma babu abin mamaki a ce ɗan zango yana ɗauke da C. A duk duniya babu inda C ya fi yawa kamar arewacin Gana da Burkina Faso, mu kuwa mutanen zango wane gida ne babu kaka Bamoshiya ko Badagomba ko Bagurunsa a cikinsa? Wanda ya karanta littafin da aka rubuta domin wata ƙasa zai ɗauka AA, AS da SS ne kaɗai a duniya, amma a nan Gana SC kaso ne babba na masu amosanin jini.

Cutar ma ba baƙuwa ba ce a nan. Turawa sun fara bayyana ta a rubuce a Amurka a 1910, amma Farfesa Felix Konotey-Ahulu ya nuna cewa kabilun Gana sun san ta tun kafin nan da sunayensu, Asante na cewa ahotutuo, Ga na cewa chwechwechwe, har ya bi sawunta a cikin danginsa na Krobo zuwa kakanni masu nisa. Gwajin dunduniyar da aka yi wa 'yarka kuma a nan Kumasi aka fara shi a 1995, a asibitin Komfo Anokye, ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, kuma shi ya nuna cewa kusan jarirai 2 cikin kowane 100 ana haifarsu da cutar. Ka gode wa Allah da aka gano da wuri, domin yaran da ake rasawa galibi waɗanda ba a san suna da ita ba ne sai zazzaɓi ya kayar da su.

Idan ka tambayi me ya sa abu mai cutarwa ya yawaita haka, amsar tana wurin sauro. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, kuma binciken baya ya tabbatar da cewa haɗarin zazzaɓi mai tsanani yana raguwa da kusan kashi 90 cikin 100 a wurinsa. Wani bincike da aka yi a cikin kabilar Moshi ta Burkina Faso, aka wallafa a 2001, ya nuna cewa C ma yana ba da kariya, musamman ga mai CC. A zamanin da babu gidan sauro babu magani, yaran da ke ɗauke da waɗannan haruffa su suka fi rayuwa har su hayayyafa, mu ne kuma jikokinsu.

Kirana ga limamanmu shi ne su daina karɓar takardar da aka rubuta nagetif kawai. Niyyarsu mai kyau ce, amma sai an ga haruffa biyu a rubuce.

Zulaiha, ɗalibar kimiyyar halittu a Jami'ar Gana, Legon

Baba Malam da Anti Rabi, Allah ya saka da alheri. Ina so in ƙara wani abu kada Yaya Baban Khadija ya tafi da tunanin cewa kowane sauyin harafi bala'i ne, ko kuma 'yarsa ce kaɗai ke da kuskure a rubutunta. Idan aka jera DNA na kowane mutum biyu, za a sami bambanci a kusan harafi 1 cikin kowane 1,000, wato miliyoyin wurare. Wani babban aiki na ƙasa da ƙasa da aka kammala a 2015 ya karanta DNA na mutum 2,504 daga al'ummomi 26, ya kuma samu irin waɗannan wurare fiye da miliyan 84, kuma 'yan Afirka su suka fi kowa yawan bambanci a tsakaninsu, domin nan ne ɗan Adam ya fi daɗewa. Kowane jariri ma yana zuwa da sababbin sauye-sauye kimanin 60 zuwa 70 waɗanda babu su a wurin iyayensa. Mafi yawansu ba sa yin komai, saboda ɓangaren da ke tsara furotin kai tsaye bai kai kashi 2 cikin 100 na rubutun ba. S da C sun yi ƙarfi ne domin sun faɗa a tsakiyar kalmar da jini ya dogara da ita.

Akwai kuma waɗanda ke aiki ba ta hanyar sauya tubali ba, sai ta hanyar kunnawa da kashewa. Misalin da na fi so shi ne na madara. Yawancin mutanen duniya, idan suka girma, jikinsu yakan rage ƙera sinadarin da ke narkar da sukarin madara, shi ya sa wani in ya sha ɗanyar madara cikinsa yake ƙugi. Amma harafi ɗaya a kan kuromosom na 2, a gefen ƙwayar gadon ba a cikinta ba, yana barin fitilar a kunne har tsufa. Fulani da yawa suna ɗauke da irin harafin da ake samu a Turai, makiyayan Kenya da Tanzaniya kuwa nasu daban ne, a wani gurbi na kusa. Haka nan kusan duk mutanen Afirka ta Yamma muna da wani sauyin harafi ɗaya da ya kashe furotin ɗin Duffy a kan jajayen ƙwayoyin jininmu, wanda shi ne ƙofar da wani nau'in zazzaɓin cizon sauro mai suna bibaks ke shiga ta cikinta, don haka ba kasafai yake kama mu ba. A nan Kumasi ma, binciken da aka yi a kan yara masu zazzaɓi mai tsanani, aka wallafa a 2012, ya gano wasu haruffa a ƙwayar gado ta ATP2B4 masu rage haɗarin cutar.

Wanda ya shafi gidan jego kai tsaye shi ne G6PD. Sauyin haruffa a wannan ƙwayar gado, wadda ke kan kuromosom X, yana raunana garkuwar jajayen ƙwayoyin jini, yana da yawa a cikinmu, kuma ya fi bayyana a jikin maza ko da yake mata ma ba su tsira ba. Mai shi lafiyarsa ƙalau, sai ranar da ya haɗu da wasu magunguna irin su firimakwin, ko kafur ɗin da iyayenmu ke zubawa cikin akwatin kayan jarirai, sai jini ya fashe, shawara ta taso. Yaya, ku cire kafur daga kayan yarinyar, ku kuma tambayi likita ko an duba mata wannan.

Inda nake jan hankali shi ne kada misalin sikila ya sa mu ɗauka komai haka yake. Tsawon mutum kaɗai, wani bincike na 2022 a kan mutum miliyan 5.4 ya danganta shi da haruffa fiye da 12,000, kowanne da ɗan tasirinsa da bai taka kara ya karya ba. Hawan jini da ciwon sukari ma haka suke, ga kuma abinci da yanayin rayuwa. Bugu da ƙari, mafi yawan mutanen da aka yi irin waɗannan bincike a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan Afirka 'yan ƙalilan ne, kuma a aikin 2015 da na ambata akwai Yarbawa da Esan da Mende da Luhya da mutanen Gambiya, amma babu Bahaushe babu ɗan Gana. Don haka idan wani ya ce ka tofa yawu a kwalba ya faɗa maka cututtukan da za su same ka, ma'aunin da zai auna ka da shi ba da jininka aka ƙera shi ba. Wannan giɓi ne ya sa aka kafa shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin gadon 'yan Afirka, wanda a ƙarƙashinsa likitocin Gana da Najeriya suka yi nazarin ƙwayar gado ta APOL1, mai nau'o'in da ke kare mutum daga wani irin ciwon barci amma suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda, kuma suna da yawa ƙwarai a yankinmu.

Baban Khadija, Aboabo

Jama'a, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Na je na yi gwajin da Anti Rabi ta faɗa, jiya na karɓo sakamako: AC. Na roƙi ma'aikacin ya nuna mini layukan, ya nuna mini, na kuma ɗauki hoto na kai wa matata kafin kowa. Da yamma na je gidan gwaggona da takardar, na karanta mata hadisin da Baba Malam ya kawo. Ba ta ce komai ba a lokacin, amma yau da safe ta aiko da koko da ƙosai ga mai jego, ta kuma ce a kai 'ya'yanta maza biyu su ma a duba su kafin su nemi aure. Kafur kuwa mun same shi har guda shida a ƙasan akwati, an zubar.

Sauran tambaya ɗaya, Anti. Tun da wannan ta zo da SC, shin na gaba zai kuɓuta ke nan?

Anti Rabi, ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Asawase

Alhamdu lillahi da gaskiya ta bayyana. Amma a'a, ƙanena, ba layi ake bi ba. Kowane ciki lissafinsa sabo ne: kai za ka ba da A ko C, ita za ta ba da A ko S, don haka a kowace haihuwa akwai damar 1 cikin 4 ta AA, haka AS, haka AC, haka kuma SC, ko da kun haifi goma. Ku zauna da likitan asibitin sikila ku biyu ku tattauna wannan a natse bayan an gama jego.

Ita kuma Khadija, SC galibi ya fi SS sauƙi, amma kada sauƙin ya sa ku sake, domin yana da nasa wuraren da yake kamawa a ɓoye, musamman ido da ƙashin ƙugu idan an girma. Ku riƙa ba ta maganin da aka rubuta mata kullum ba fashi, ku cika allurar rigakafi, ta kwana cikin gidan sauro, kuma duk ranar da jikinta ya yi zafi, ko da tsakar dare ne, asibiti za a nufa ba kemis ba. Idan ta kai shekara 10 a fara kai ta likitan ido a kai a kai, ko ba ta yi kukan komai ba. Tsohuwar takardar nan ta nagetif kuma ka haɗa ta da sabuwar ka kai wa liman ya gani da idonsa.